Kafin ku kwatanta tsawon rai, ku duba mutuwar yara

'Yan uwa masu rubuta kundin digiri a nan Katsina, in za ku kwatanta tsawon rai, wato matsakaicin shekarun da ake sa ran mutum zai yi a duniya, tsakanin wurare ko lokuta, kada ku tsaya kan lissafin daga haihuwa. Ku haɗa da na waɗanda suka kai shekara 5.

Mutuwar jarirai ce ke jan lissafin ƙasa. Jariri ya rasu, dattijo ya rasu yana da 80, matsakaicinsu 40 ne, alhali babu wanda ya rasu a 40. Sai da na ɓata mako biyu kafin na gane haka.

Amma a ƙaramar hukuma ɗaya kamar Daura dabarar ba ta isa ba. Yawancin mace-mace ba a yi musu rajista, ƙidayar ƙarshe kuma tun 2006. Gara ku ɗauki alƙaluman jiha.