Yadda ake jagorantar ƙungiyar kiɗa mai haɗa goge, kalangu da fiyano a Jos

Wanda ya iya goge, ya iya jita, yana kuma taɓa fiyano, amfanin wannan baiwa a wurin gwaji yake, inda zai karɓi kayan kowane yaro ya nuna masa da hannu abin da yake so. A gaban jama'a kuwa kaya biyu sun ishe shi, kuma kada ya sauya a tsakiyar waƙa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe taro shekara da shekaru.

Mutum shida sun isa farawa: kai jagora da gogenka, mai kalangu, mai jitar bes, mai fiyano da 'yan amshi biyu.

Saiti, wato daidaita muryoyin kayan kiɗa, shi ne inda yawancin ƙungiyoyi ke tuntuɓe. Fiyanon lantarki daga kamfani yake zuwa a saite a kan ma'aunin murya na 440, goge da sarewa kuwa ba ruwansu da wannan lamba. Don haka a fara da kayan da ba ya lanƙwasuwa. In akwai sarewa ko algaita, ita ce za ta ba da murya, tunda ramukanta a huje suke. Goge ya bi ta. Sai mai fiyano ya shiga saitin na'urarsa ya ɗaga ko ya sauke muryar kaɗan-kaɗan har amon biyu ya daina rawa a kunne, jita kuma ta ɗauka daga fiyano. Aka juya wannan tsari, mai goge zai yi ta ɗaure tsirkiya har izgar ta fara tsinkewa.

Yawancin kiɗanmu a kan muryoyi biyar yake tafiya. Mai fiyanon da ya saba danna maɓalli uku a tare zai riƙa karo da goge, kuma na tsakiyan nan ne mai laifin. Ya riƙe na farko da na ƙarshe kawai. Wasu masu fiyano ba sa son jin haka, suna ganin an rage musu aiki, amma rikodin gwaji a waya yakan raba gardama.

Sai yanayin garin. Jos tana sama da mita 1,200, kuma fata tana jin kowane sauyi. A Disamba da Janairu iskar hunturu na busar da fatar goge da ta kalangu, murya ta hau, wani lokaci fatar ta tsage. A bar su cikin jaka, a shafa wa fatar kalangu damshin tafin hannu kafin a fara. A Yuli da Agusta akasin haka ne: fata ta saki, jakin goge, wato abin da ke tokare tsirkiya a kan fata, ya nutse, sauti ya dushe. A ɗan gasa fatar nesa da garwashi, kamar kamu biyu, ana juyawa ana ƙwanƙwasawa da yatsa har amon ya dawo. In wasan a fili ne da yamma, kamar wajen Rayfield, a sake saiti bayan kowace waƙa uku. Ƙaron shafa wa izga da izgar ajiya kada su bar aljihu.

Makirfon goge ya tsaya kamar kamu ɗaya daga fatar, a karkace, kuma kada lasifika ta fuskance shi, in ba haka ba ƙugi zai tashi. Kalangu bai cika buƙatar ƙari ba a ƙaramin zaure. In da janareta za a yi, fiyano da na'urar haɗa sauti su bi ta sitabilaiza.

Maganar kuɗi a gama ta kafin a ɗauki kaya. Karɓi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, a cire na mota da na hayar lasifika, sannan a raba yadda aka amince tun farko. Kuɗin liƙi mutum ɗaya ne zai tsince su, a ƙirga a gaban kowa a daren, kafin a watse.