Yadda Zaka Tura Bidiyo Daga Kyamara Ta Iska Ba Tare Da Jan Waya Ba

Duk wanda ya taɓa ɗaukar biki ko taro a garin nan na Jos yana jan waya mita 50 a baya, mutane na takawa, yaro na binsa yana naɗewa, ya san amfanin na'urar tura bidiyo ta iska. Guda biyu ce, taransimita mai tura hoton da ake ɗaurawa a jikin kyamara, sai risiba mai karɓarsa da ke zaune wajen mai haɗa hotuna ko a motar watsa shiri.

Hoto na fitowa daga kyamara ta wayar HDMI ko SDI, yawancin na'urorin sai taransimita ta matse shi da tsarin matse bidiyo na H.264 ko H.265 don ya rage nauyi, sannan ta ɗora shi kan sigina na maikurowef, wato wani nau'in siginar rediyo, ta cilla a iska, risiba ta cafke ta warware ta miƙa wa allo. Manyan gidajen talabijin suna aiki a wajen mitar sigina ta 2 GHz ko 7 GHz, kuma sai da lasisi. Irin namu na 'yan kasuwa, su Hollyland da Teradek da DJI, yawanci a 5 GHz suke, wasu har da 2.4, wato gida ɗaya da Wi-Fi. Na'urorin manyan gidajen kuma suna da wata dabara da ake kira COFDM, maimakon a zuba hoton a hanya ɗaya sai a rarraba shi a hanyoyi masu yawa, in wasu sun lalace a hanya sai a cike gurbin da sauran, shi yasa mai kyamara zai iya gudu a gefen fili hoto bai tsinke ba.

Toh ga yadda zaka haɗa. Fara ɗaura eriya kafin ka kunna, don Allah kar ka manta, taransimita mai ƙarfi in ta tashi ba eriya tana iya ƙonewa, kuɗinka sun tafi kenan.

Sai babban abin, wanda gaskiya shine rabin aikin: dole eriya ta ga eriya. Wannan siginar bata da haƙurin rediyon FM, bango na tare ta, dutse kuwa ba'a magana, kuma kowa ya san Jos duwatsu ne ta ko'ina. Jikin mutum ma na shanye ta saboda ruwa ne yafi yawa a jikinmu, shi yasa zaka gwada da safe a filin wasa na Rwang Pam komai lafiya lau, da jama'a sun cika sai hoto ya fara daskarewa kana ta zagin na'ura alhali risibar ce ka ajiye a kan tebur. Ɗaga ta sama da kan mutane, mita 3 ko fi, a kan sandar fitila ko rufin rumfa. Nisan da suka rubuta a kwali na fili ne fetal ba kowa, ni dai rabinsa nake lissafawa.

Bayan nan ka sa na'urar ta duba tashoshin sigina ta zaɓi wadda ba cunkoso, kuma ka sake dubawa in mutane sun iso da wayoyinsu da hotsifot a kunne. Eriyoyin duka biyun su tsaya iri ɗaya, kar ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

Batir kuwa na'urar tana ci ba wasa, ka zo da biyu ko uku, kuma kar ka rufe wajen fankarta da tef, tana zafi ko a sanyin Disamba.

Sai jinkiri. Hoton na ɗan makara kafin ya isa, in sauti ta waya yake zuwa daga mikisa, wato na'urar haɗa sauti, zaka ga baki da murya sun raba hanya. Sa wani ya tafa hannu gaban kyamara, ka riƙa jinkirta sautin kaɗan kaɗan har tafin da ƙarar su faɗo tare.