Kan cefanen ranar sassauci a Kano

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa.

Bayan an rufe gari a watan Afrilun 2020 saboda korona, an yi lokacin da Litinin da Alhamis ne kawai ake sassauta dokar a bari a fita, kuma duk wanda ya leƙa kasuwa ya ga yadda ake turereniya. Na ga wata dattijuwa riƙe da buhun gero ana matse ta a bakin rumfa, ba takunkumi a fuskarta. Abin ya tsaya mini a rai.

Ga abin da muka fara yi a layinmu a wancan lokacin: gida biyar ko shida su haɗa kuɗi, kowa ya rubuta abin da yake so a takarda, matashi ɗaya mai lafiya ya je ya sayo gaba ɗaya. Mudun shinkafa ma ya fi sauƙi in an saya da yawa. Matashin ya sa takunkumi, ya ba da tazarar mita 2 inda hali ya yi, in ya dawo ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa kowa. Iyayenmu tsofaffi kuwa su zauna a gida, don cutar ta fi yi musu illa.

A fara da abin da ba ya lalacewa: gero, wake, busasshen tattasai, kuka, daddawa, manja.

Sai magani. Mai hawan jini ko ciwon sukari a saya masa na wata guda cur, tunda a lokacin an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, kaya na iya yankewa a kemis.