Yadda Ake Sa Makullin Difaransiyal a Gaban Ƙaramar Motar Shiga Daji

Duk wanda ya taɓa ganin mota mai ja da taya huɗu ta kafe a laka, taya ɗaya tana ta juyawa a banza, 'yar'uwarta kuwa ko motsi ba ta yi, ya ga iyakar difaransiyal na yau da kullum. Aikin wannan tarin giyoyi da ke tsakiyar aksil shi ne ya bar tayar waje ta fi ta ciki gudu yayin shan kwana, amma da yake yana raba ƙarfi daidai wa daida ne, tayar da ta taka ƙasa mai ƙwari ba ta samun fiye da abin da mai santsin ta iya riƙewa. Makulli shi ne na'urar da ke haɗe sandunan tayoyin biyu su juya tare.

Kafin a taɓa sufana, sai a tsayar da shawara a kan irin makullin. Akwai mai kulle kansa da kansa, irin su Lock-Right da Aussie Locker, wanda ake sawa a gurbin ƙananan giyoyin ciki, kuma ya fi sauƙin ɗaurawa. Akwai kuma wanda direba ke kunnawa da hannunsa, kamar Air Locker na kamfanin ARB na Ostireliya mai aiki da iska, da ELocker na Eaton mai aiki da lantarki. A ganina, a aksil na gaba, nau'i na biyun ya fi cancanta, domin tayoyin gaba su ne ke bin sitiyari, kuma da zarar sun kulle motar kan ƙi shan kwana, ta nace sai ta miƙe. Bayanin da ke tafe a kan mai iska yake, tunda shi ya fi yawan aiki.

A tabbatar da abu uku kafin saye: sunan aksil ɗin, yawan haƙoran da ke kan sandar taya, da lissafin giyarsa, wato sau nawa ƙaramar giyar aksil ke juyawa kafin babbar ta zagaya sau ɗaya. Misali, aksil ɗin Dana 30 da ke gaban motocin Jeep da yawa haƙora 27 gare shi, kuma gidan giya (abin da babbar giyar ke ɗaure a jikinsa) da ya dace da lissafin 3.55 zuwa ƙasa daban yake da na 3.73 zuwa sama.

A ɗaga gaban motar a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, kada a dogara da jak kaɗai. A zuke man giya a duba shi cikin haske, domin ɓarɓashin ƙarfe alama ce ta ɓarnar da makulli ba zai gyara ba. Daga nan a cire tayoyi, a kwance birki a rataye shi da waya don kada nauyinsa ya ja tiyon mai, sannan a zare sandunan tayoyin. A mota irin Suzuki Jimny, idan aka cire farfela, wato sandar da ke kawo wa aksil ƙarfin inji, ana iya fito da kan difaransiyal ɗin gaba ɗaya a kai shi kan benci. A aksil irin Dana kuwa murfi ake buɗewa a yi aikin a ciki.

A nan ne masu gaggawa ke yin kuskuren da ke binsu har ƙarshe. Kada a kwance komai sai an auna wasan da ke tsakanin babbar giya mai zobe da ƙaramar giyar da ke juya ta. A kafa ma'auni mai fuskar agogo, bakin allurarsa a kan haƙori ɗaya, a riƙe ƙaramar giyar kada ta motsa, a girgiza babbar gaba da baya har a ji ɗan ƙwas-ƙwas ɗin haƙoran, a karanta abin da allura ta nuna. A maimaita a wurare uku ko huɗu na zoben, a rubuta a takarda. Galibi wasan kan faɗa tsakanin milimita 0.1 da 0.2, amma giyoyin da suka daɗe suna aiki tare sun riga sun ci juna sun saba, saboda haka lambar da aka auna ita za a koma wa, in ba haka ba a yi ta jin kukan aksil a kan hanya. A kuma yi wa murafan boris alama, na dama da na hagu da fuskar da kowane ke kallo, domin ba sa musanyuwa. Notin ƙaramar giyar kuwa a bar shi yadda yake. Muddin ba a taɓa shi ba, zurfin giyar bai sauya ba, an huta da rabin wahalar saiti.

A kwance babbar giyar daga tsohon gidanta, wanda makullin zai maye gurbinsa, a wanke ta tas, ramukan kusoshinta su rabu da mai. Idan ta ƙi hawa kan makullin, a ɗumama ta cikin ruwan zafi ta ɗan buɗe, kada a jawo ta da ƙarfin kusoshi, don takan zauna a karkace. A shafa maganin hana kwancewa a zaren kusoshin, a ɗaure su ɗaya nan ɗaya a kishiyarsa, da sufanar awon ɗauri, gwargwadon abin da littafin motar ya tanada. A danna sababbin boris da injin matsi.

Sai hanyar iska. Ana huda kwanson difaransiyal ɗin a inda takardar kamfani ta nuna, a yanka zare, a ɗaura mahaɗin da siririn bututun jan ƙarfe zai bi ya fito. A rufe boris da giyoyi da tsumma kafin huda, a share ɓarɓashin sarai bayanta. Zobban robar da ke tsare iska a shafe su da man giya a sa su a hankali, kada ɗaya ya murɗe, domin ɗan tsagin da ido ba ya gani ya isa ya sa a sake kwance aikin duka. Bututun kuma da yatsu ake lanƙwasa shi, a tabbatar ba ya gogar komai mai juyawa.

A mayar da makullin mazauninsa a saita wasan giya. Inda akwai manyan notuna na gefe, a sassauta ɗaya a ɗaure ɗayan da adadi guda har a kai lambar da aka rubuta; inda siraran woshoshi ake amfani da su, a rage a wannan gefe a ƙara a wancan. Boris ɗin su matsu kaɗan, babu lilo, amma giyar na juyawa da hannu. A shafa fentin gwaji a haƙora kaɗan a juya, tabon ya fito kusa da tsakiyar haƙori, ba a can baki ko gindi ba. Kafin a rufe, a hura iska mai ƙarfin fam 90 (psi 90 a ma'aunin iska), a ga ya kulle, a bar shi na ɗan lokaci ana kallon ma'auni, ana shafa ruwan sabulu a mahaɗai don ganin kumfa.

Sauran aikin mai sauƙi ne. A mayar da sanduna da birki, a zuba man giya mai lambar GL-5, a kafa kwamfaresa inda ruwa ba ya kaiwa, a ja wayarsa ta kan fiyus, a bi da tiyon iska nesa da salansa, a bar masa rara yadda aksil zai sauka iyakarsa bai tsinke shi ba. Tun motar na sama a gwada: a juya taya ɗaya da hannu, a kunna makulli, ɗayar ta biyo ta gefe guda.

A wajen aiki, a kunna shi kafin a shiga wuri mai wuya, motar na cikin giyar tafiya a hankali, tayoyi a miƙe, ba lokacin da taya ɗaya ke wulwulawa ba. Gaɓoɓin sandunan gaba a ƙananan motoci ba su da kauri, kuma sun fi rauni idan sitiyari ya kai ƙarshe. Haɗa wannan da taka totur da ƙarfi shi ne abin da ya fi karya su. Da an fito kan ƙasa mai tauri sai a kashe, idan kuma bai saki nan take ba a ɗan sassauta totur, ko a ja baya kaɗan har nauyin ya sauka daga kan haƙoransa.