Shawara ga masu ƙuri'a mai nauyi a Hive, dandalin intanet da ƙuri'ar masu karatu ke sa rubutu ya samu ladan kuɗi

'Yan'uwa, mu da ƙuri'armu ke kawo lada mai yawa, mu daina zuba ƙuri'unmu kan manyan sunaye kaɗai. Wanda ya kwana yana gyara manhajar da muke shiga da ita, in ya wallafa bayanin aikinsa, a saka masa. Ko ku ware masa kashi 5 cikin 100 na ladan rubutunku, ana saita shi kafin a wallafa.

Sai sababbin shiga. Kwana 7 kacal rubutu yake karɓar lada. Na ga wata ta yi rubutu mai ratsa zuciya, har ya rufe ba ko sharhi ɗaya, ba ta sake dawowa ba. Abin ya dame ni wallahi. Kullum ku leƙa sababbi uku, ku yi musu sharhin da zai nuna kun karanta.