Yadda za ka rubuta assert da zai kama kuskure in kana gwaji da bayanan bogi

Jiya a go-sulo daga Yaba zuwa Agege nake duba kod ɗin Python na wani ƙanina a waya, gwajinsa duka kore shar, wato sun wuce, amma wallahi babu abin da suke gwadawa. Ya ce wa mok, wato abin bogin da ke tsayawa a madadin na gaske lokacin gwaji, ya dawo da 500, sannan ya rubuta assert, layin da ke tabbatar da sakamako, cewa 500 ne ya dawo. To kai ka zuba ruwa a tulu, ka leƙa ka ce ka ga ruwa, me ka gano?

Abin da za ka duba shi ne aikin da naka kod ɗin ya yi da bayanan. Misali kaya na naira 10,000, harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari, ya zama 10,750, kuma tunda Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, da kwabo yake karɓar kuɗi, abin da ya kamata ya tafi shi ne 1075000. Wannan lambar ka lissafa da kanka ka rubuta ta da hannu, assert_called_once_with(1075000), wato a tabbatar an kira mok ɗin sau ɗaya da wannan lambar, kar ka sake yin lissafin a cikin gwajin, don in akwai kuskure a kod ɗin shi za ka kwafo, su biyun su yarda da juna kai kuma kana can kana murna.

Bayanan bogin ma kar su yi kama da juna. In farashi 1 ne, adadi 1, lambar kwastoma 1, ko an musanya su ba za ka sani ba. Sa 3, sa 850, sa 42.

Assert cewa sakamako ba None (wato babu komai) ba ne kawai, wannan lalaci ne, ka faɗi me kake jira. In akwai ɗigo a lambar ka sa pytest.approx, mai karɓar lambar da ta yi kusa sosai, don 0.1 da 0.2 a kwamfuta ba sa ba da 0.3 cif.

Akwai wani tarko kuma da ya taɓa cinye min yini guda, ka rubuta assert mok.called_once_with ka manta assert_ na gaban sunan. Kafin Python 3.12 mok sai ya ƙirƙiro maka wani mok ɗin kawai, gwajin ya wuce ko an kira ko ba a kira ba. Shi ya sa ni duk gwajin da na rubuta sai na ɓata kod ɗin da gangan, in mai da 7.5 ya koma 5, in ga gwajin ya yi ja, wato ya faɗi, da idona. Na ƙanin nawa mun gwada haka da daddare, guda huɗu ko gezau ba su yi ba.