Yaro na ƙifta ido da gyaran murya ba dalili: abin da za ku yi kahin ku kai mishi mari

Salamu alaikum iyaye. Maganar nan daga cikin gidanmu na ɗauko ta. Ɗan yayata shina da shekara 7 ya fara ƙifta ido, ba irin na kowa ba, da ƙarhi kamar wanda yaji ya shiga ma ido. Lokacin hunturu ne ƙura ta ruhe Tawa, sai munka ce ai ƙura ce, anka sayo maganin ɗigawa. Bayan wata biyu ƙiftawar ta tahi sai ga ɗaga kafaɗa, ita ma ta wuce sai gyaran murya, ehem ehem, har cikin salla. Nan fa gida ya rabu, babanshi ya ce iskanci ne, kaka ta ce iska ce, wata maƙwabciya ta ce bakin mutane ne. Yaro ya sha rubutu ya sha hayaƙi ya sha bulala, ni kaina na taɓa daka mishi tsawa gaban baƙi, har yau in na tuna sai in ji kunya.

Sai da munka kai shi gun lokotoro munka ji sunan abin, wai tik. Motsi ne ko sauti da ke hizgo ma yaro ba da niyya ba, shina maimaita kanshi: ƙifta ido, yamutsa huska, hizgar wuya, ɗaga kafaɗa, jan hanci kamar mai mura, gyaran murya, tsaki, ɗan tari. Ba sabon abu ba ne kuma ba kaɗan ba ne, kusan yaro 1 cikin 5 na yin shi wani lokaci a yarintarshi, kuma maza sun hi mata sau 3 zuwa 4. Yawanci shina farawa tsakanin shekara 4 da 6 ko kusa da haka, ya hi tsanani wajen shekara 10 zuwa 12, daga nan in yaro ya fara balaga ga mahi yawansu sai ya yi sauƙi sosai, wasu ma ya ɓace gaba ɗai.

To na farko, ku daina ce mishi bari. Na san da wuya, wallahi gyaran muryar nan in ana kallon tele sai ka ji kamar ka bar ɗakin. Amma ku tambayi yaron da ya ɗan yi wayo zai gaya muku kahin abin ya zo akwai wani abu da yake ji, kamar ƙaiƙayi ko kamar atishawa ta taho, sai ya yi motsin sannan ya samu sa'ida. Shina iya dannewa na ɗan lokaci, shi ya sa uba ke cewa ai da na zare mishi ido ya bari, ashe da gangan yake. Ba da gangan ba ne baba, kai ma ka gwada riƙe atishawa ka gani. Yaro sai ya danne duk wuni a lakwal don kar a yi mishi dariya, ya dawo gida ya sake shi gaba ɗai, uwa ta ce mu ya raina. Tsoro da faɗa da gajiya da rashin barci duka suna ƙara shi, har murna mai yawa irin ta ranar salla. Bugu kenan ice ne kake ƙara ma wuta. In kuma ya nitsu cikin abin da yake so, ƙwallo ko zane ko karatu, sai ka ga ya lafa.

Bayan wannan sai ku zama masu lura ba masu tsaro ba. Ku ɗauki salula ku yi mishi bideyo ba tare da ya sani ba, minti ɗaya ma ta isa, don abin haushi yara da yawa suna shiga ɗakin lokotoro sai tik ya ɗauke ɗif, ka zama kamar mai ƙarya. Ku samu ɗan kaye ku rubuta watan da ya fara, wane iri ne, yaushe ya canza. Kwanan watan nan shina da amfani, don da shi ake rarrabewa. In abin bai kai shekara ba, na wucin gadi ake ɗaukar shi. Sai in yaro na da motsi iri biyu ko hiye, da sauti ko guda, sun wuce shekara ɗaya suna tahiya suna dawowa, kuma sun fara kahin shekara 18, sannan ake kiran shi Turet. Sunan wani lokotoro ne na Faransa, Gilles de la Tourette, wanda ya yi bayanin mutum 9 masu irin wanga hali a 1885 a birnin Pari.

Sunan ne ke tsorata iyaye, barin ma wanda ya shiga intanet ya ga bideyon masu zunduma ashar ba su iya tsaidawa. Akwai shi, amma wajen mutum 1 cikin 10 ne na masu Turet, su ne dai aka hi nunawa don su ke jawo kallo. Ba hauka ba ne, ba ya rage basira, ba ya rage kwana, ba a ɗaukar shi gun wani. Lamari ne na yadda wani sashe can cikin ƙwaƙwalwa mai tace motsi ke aiki, kuma shina bin jini, in kunka bincika sau da yawa za ku tarar da wani kawu da anka sani da ƙifta ido tun yarinta. Masu kallon ƙwallo sun san Tim Howard, golan Amurka da ya tsare ma Manchester United da Everton raga, da Turet ɗinshi ya yi duk wasanshi.

Inda nake so ku buɗe ido da kyau shi ne kar a kira komi tik. Mai tik shina cikin hayyacinshi, in ka kira shi zai amsa. Yaron da ke ƙura ido wuri guda na ƴan daƙiƙu ka kira shi bai ji, ko ya faɗi shina karkarwa da kumfa ko hitsari, wannan farfaɗiya ake zato, a tahi likita ba jira. Hizge-hizge da zazzaɓi ko wuya ya sanƙare, mu nan mun san masassara mun san sanƙarau, ba a kwana da shi gida. In makonni ko watanni bayan ciwon maƙogwaro yaro ya koma motsi barkatai kamar mai rawa, abu na suɓuce mishi a hannu, rubutunshi ya lalace, gaɓɓai na ciwo, a gaya ma lokotoro da wuri don wannan na iya taɓa zuciya. Akwai kuma maganin amai irin metoklopramid da ke iya murɗe ma yaro wuya ya juya mishi ido sama. Kuma in idon ya yi ja shina ƙaiƙayi da hawaye, a fara nuna ma mai duba ido, ƙurarmu ba wasa ba ce.

Ku fara da CSI, ƙaramar likita ta unguwa, majo ya tura ku gun lokotoron yara a CSME, likitar uwa da yara, ko CHR, babbar likita ta nan Tawa. Ba wani awon jini ko hoton kai da ke nuna Turet, da labarinku da bideyonku da dubawar lokotoro ake gane shi, saboda haka kar ku saida akuya ku kama hanyar Yamai, kilomita sama da 500, don neman hoto alhali ba wanda ya tura ku. In sun ga ana bukatar lokotoron ƙwaƙwalwa da jijiya su za su rubuta muku takarda. Kuma ku faɗa mishi sauran halin yaron, don sau da yawa ba tik ɗin ne ke wahal da shi ba, abokan tahiyarshi ne: rashin zama wuri guda da rashin maida hankali a aji, ko waswasi, yaro ya yi ta maimaita alwala ko wanke hannu ko sai ya taɓa abu sau kaza hankalinshi ke kwanciya.

Sai lakwal. Ku taka da ƙafarku ku iske mushe malamin ajinsu, ku iske malam na makarantar allo, kar ku aika. Ku ce malam, yaron nan abin da yake yi lalura ce, don Allah kar a buge shi a kai kuma kar a bari yara su laƙa mishi suna. A gidanmu wanga zuwan ya hi komi amfani. Yaron ma a zaunar da shi a gaya mishi ba laihinshi ba ne, a koya mishi amsa gajera in an tambaye shi, jikina ne ke yi, ba komi. Addu'a kuwa ku yi ta yi, ba ta hana zuwa likita, abin da ban yarda da shi ba shi ne turnuƙe yaro da hayaƙi ko a buge shi wai ana hidda iska.

Mahi yawansu ba su bukatar magani ko ƙwaya guda. In abin na sa mishi ciwon wuya, ko shina ji ma kanshi rauni, ko ya ƙi zuwa lakwal, akwai horo da masana ke yi ma yaran da sunka ɗan girma, kamar daga shekara 8 ko 9: yaro ya koyi gane ƙaiƙayin nan tun shina tahowa, sai ya yi wani motsi da ke tare hanya har ya wuce, mai gyaran murya ya ruhe baki ya ja numfashi a hankali ta hanci, mai ɗaga kafaɗa ya matse gwiwar hannu ga jiki ya danna ƙasa. Amma fa kar ku maida shi wata sabuwar bulala. Magunguna irin risperidon da haloperidol suna rage shi ba su warkarwa, kuma suna iya kawo barci da ƙiba da sanƙarewar jiki, sai da ordinans, ba na masu tallar magani bakin tasha ba.

Namu yanzu shina CM1. Gyaran muryar ya ɗauke, sai lokacin jarabawa ƙiftawar ke leƙowa na sati biyu ko ukku, kaka ta kalle shi ta buɗe baki, yayata ta ce inna a bar shi, sai ta maida hankali ga tazbaharta.